Daga Turmin Ƙuli-ƙuli Zuwa Jijiyar Hanta: Tarihin Allurar Mai

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ƙuli-ƙuli a Ɗambatta ya san wannan aikin. An soya gyaɗa, an murje, an kai inji an markaɗo, an juye a turmi. Markaɗen nan cike yake da mai, amma ko ɗigo ba za ka gani ba. Sai Inna ta ɗebo ruwan zafi ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana juyawa, tana juyawa, har hannu ya gaji. Can sai tunkuza ta haɗe wuri guda, mai ya taso sama yana ƙyalli. Bafulatana ma haka take yi da nono. Kitsen yana ɓoye a ciki, ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, sai ta kaɗa sannan man shanu ya ware.

Su biyun aikinsu shi ne fito da mai daga maɓoyarsa. Masu haɗa magunguna kuwa sun shafe fiye da shekara ɗari suna neman akasin haka: yadda za su fasa mai ya zama ƙananan ɗigo, su watsa shi cikin ruwa, ko su watsa ruwa cikin mai, ya zauna bai rabu ba. Irin wannan gauraye shi suke kira imalshan. Ba ya zama sai da na uku, wato wani abu da zai tsaya tsakanin man da ruwan ya hana ɗigon sake haɗewa. Ƙaron da ake tsinka a jikin ɗakwara yana wannan aikin, gwaiduwar ƙwai ma tana yi. Lokacin da muke makaranta mun taɓa girgiza mai da ruwa a kwalba biyu, ɗaya da ƙaro ɗaya babu. Kafin malami ya gama goge allo wadda babu ƙaro ta rabu gida biyu, ɗayar kuwa tana nan fara sol kamar madara. A ranar ban ɗauka abin ya wuce darasin cin jarrabawa ba.

To me ya haɗa wannan da ciwon daji? Yawancin magungunan kansa guba ne da aka auna. Suna kashe ƙwayoyin halittar da ke saurin hayayyafa, kuma ba su iya bambance na ƙari da na gashi ko na ɓargo ko na cikin baki. Ɗauki doksorubisin, jan maganin nan da masu bincike a Italiya suka samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a shekarun 1960. Idan aka ɗura shi a jijiya, cikin ɗan lokaci ya zagaye jiki gaba ɗaya, abin da ya isa wurin ƙarin kaɗan ne, sauran kuma ya je ya taɓa zuciya. Shi ya sa akwai iyakar adadin da mutum zai iya karɓa a duk tsawon rayuwarsa. Abin da likitoci suka daɗe suna nema shi ne mazubin da zai kai maganin inda ake so, ya riƙe shi a can, ya riƙa sakinsa a hankali. Mai yana cikin mazuban farko da suka gwada.

Abin da zai ba ka mamaki, ɗan uwa mai karatu, shi ne man gyaɗa ya shiga wannan tarihi tun kafin a zo kan kansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu fenisilin sabon magani ne, mai tsada, ga shi ba ya jimawa a jiki, ƙoda tana fitar da shi ta fitsari da sauri. Sai an yi wa sojan da ya ji rauni allura duk bayan awa uku, dare da rana. A 1944 wasu ma'aikatan lafiyar sojan Amurka biyu, Monroe Romansky da George Rittman, suka cuɗa fenisilin da man gyaɗa da kakin zuma suka yi allurarsa a tsoka. Man ya zauna a wurin, maganin yana fita kaɗan-kaɗan, har aka kai ga allura ɗaya ta wadatar a yini. Tana da zafi, tana barin kumburi, kuma bayan 'yan shekaru aka samo wasu dabarun da suka maye gurbinta. Amma ta tabbatar da cewa ana iya yin rumbun magani a cikin jikin mutum. A shekarun nan kuwa dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, buhunan manoman ƙasarmu suna jiran jirgin ƙasa zuwa Ikko.

Man da ya fi daɗewa a wannan fage na Faransa ne. A 1901, a birnin Faris, Marcel Guerbet da Laurent Lafay suka haɗa aidin da man 'ya'yan wani tsiro da ake kira fofi, suka sa masa suna Lipiodol. Da farko magani ne kawai na ba jiki aidin. Sai a 1921 likitoci biyu, Sicard da Forestier, suka gane cewa man nan yana fitowa fili a hoton asibiti irin wanda ake ɗaukar ƙashi da shi, saboda aidin ɗin da ke ciki yana tare hasken. Daga nan ya zama abin haska sassan jikin da ba su fita a hoto. A shekarun 1950 da 1960 kuma aka kai shi tsaunukan Niyu Gini, inda maƙoƙo ya yi katutu saboda ƙarancin aidin a abinci. Allura ɗaya a tsoka takan riƙe mutum shekara uku ko fiye. Ka lura da wannan hali nasa na zama wuri guda ya ƙi tafiya, domin za mu dawo kansa.

Zuba mai a tsoka abu ne mai sauƙi. Zuba shi a jijiyar jini kuwa hatsari ne, domin babban ɗigon mai yana iya zuwa ya toshe ƙananan jijiyoyin huhu. Amurkawa sun gwada wani haɗi na man angurya don ciyar da marasa lafiyar da ba su iya cin abinci, ya riƙa sa zazzaɓi da wasu matsalolin, aka janye shi a shekarun 1960. Wanda ya dace shi ne Arvid Wretlind na ƙasar Suwidin. Ya yi amfani da man waken suya, ya ɗauko sinadarin da ke cikin gwaiduwar ƙwai ya sa a matsayin na ukun nan da na ambata, ya fasa ɗigon har suka yi ƙasa da girman ƙwayar jini nesa ba kusa ba. A 1962 aka amince da haɗin nasa, Intralipid, kuma har yau ana rataya shi a asibitoci, fari kamar madara. Shi ya buɗe ƙofar ɗora wa ɗigon mai magungunan da ba su narkewa a ruwa.

Magungunan kansa da yawa suna cikin wannan sahu na masu ƙin ruwa. Taxol, wanda aka samo daga ɓawon wata bishiya a Amurka aka kuma amince da shi a 1992, sai da aka narkar da shi cikin wani sinadari da ake yi daga man zurma. E, zurmar nan da ke fitowa a bayan gida ba wanda ya shuka ta. Sinadarin ya yi aikinsa, sai dai shi kansa yana tayar wa wasu marasa lafiya da borin jini mai tsanani, har ya zama dole a fara ba su magungunan kariya kafin a ɗura. Wani lokaci mazubin ma yakan zo da tasa cutar.

Yanzu mu tafi Japan, inda labarin ya fi daɗi a wurina.

Hanta tana da wani hali da sauran gaɓoɓi ba su da shi: hanyar jini biyu ke shiga cikinta. Kusan kashi uku cikin huɗu na jininta yana zuwa ta babbar jijiyar da ke tasowa daga hanji, ragowar kuma ta wata jijiya da ke kawo jini daga zuciya. Tun a shekarun 1950 masu bincike suka gano cewa ƙarin da ke tsirowa a hanta kusan duk jininsa ta wannan jijiya ta biyu yake samu. Ke nan idan ka tare ta, ko ka zuba guba ta cikinta, ƙarin zai fi lafiyayyar hantar jin jiki, tunda ita tana da wata hanyar. Kamar gona biyu ne a bakin madatsar Thomas, ɗaya tana sha daga magudana biyu, ɗaya daga guda.

A wajajen 1979 zuwa farkon shekarun 1980, likitocin Jami'ar Kumamoto, cikinsu akwai likitan fiɗa Toshimitsu Konno, suka lura da wani abu. Idan aka zuba Lipiodol ta jijiyar hanta, lafiyayyen sashen yakan share man cikin 'yan kwanaki, amma ƙarin sai ya riƙe shi makonni, har watanni. Ƙarin ba shi da kayan shara irin na lafiyayyar hanta, jijiyoyinsa kuma karkatattu ne masu yoyo, mai ya shiga ba ya samun hanyar fita. A jami'ar dai akwai Hiroshi Maeda, wanda a 1979 ya ƙera wani maganin kansa mai suna SMANCS ta hanyar liƙa wa wani furotin mai guba wani sinadari da ya sa yake iya zama cikin mai. Suka haɗa biyun. Maganin ya hau bayan man ya shiga ƙarin ya zauna, kuma da yake man yana fita a hoto, likita yana iya ganin inda ya sauka. Hukumomin Japan sun amince da wannan haɗi a 1993. Daga wannan aikin ne Maeda da ɗalibinsa Yasuhiro Matsumura suka fitar da bayaninsu na 1986 kan dalilin da ya sa manyan ƙwayoyin magani suke taruwa a cikin ƙari, bayanin da dubban masu bincike suka yi ta gini a kansa daga baya.

Sauran likitoci ba su tsaya jiran SMANCS ba. Suka ɗauki magungunan da suke da su a hannu, irin su doksorubisin da sisfilatin, waɗanda ke narkewa a ruwa, suka riƙa gauraya su da Lipiodol a ɗakin aiki. Yadda ake yi ma abin kallo ne. Sirinji biyu ake haɗawa baki da baki ta wani ɗan famfo, ɗaya da mai ɗaya da ruwan magani, a yi ta turawa gaba da baya sau ashirin ko fiye har ya yi kauri. Ana son man ya fi ruwan yawa, ninki biyu ko sama, domin ɗigon maganin su kasance a ɓoye cikin mai. Sai a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a bi da shi ana kallo a allo har ya kai reshen da ke shayar da ƙarin, a ɗura gaurayen, sannan a bi da 'yan gutsattsarin wani soso mai narkewa a toshe hanyar. Guba a ciki, ƙofa a rufe.

A nan dole in faɗi abin da masu yabon dabarar sukan tsallake. Gaurayen da aka kaɗa da hannu ba shi da juriya. Idan aka ajiye shi, cikin mintuna yakan fara rabuwa kamar kwalbarmu ta makaranta wadda babu ƙaro. Man yana zama a ƙarin watanni, gaskiya ne, amma kaso mai yawa na maganin yakan sulale ya shiga jini tun da wuri. Ganin farin tabo a hoto ba shaida ba ce cewa maganin yana nan. Kuma hannun wannan likita daban da na wancan, shi ya sa sakamako ya riƙa bambanta daga asibiti zuwa asibiti. Cikin binciken da ake yi yau a wannan fanni akwai neman ƙaron da ya dace, wato abin da zai riƙe ɗigon su daɗe ba tare da ya cutar da hanta ba.

Inda sakin magani a hankali ya yi nasara ba gardama shi ne a kansar furostet, ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa wannan kansar tana rayuwa ne da sinadarin mazakuta, idan aka yanke mata shi sai ta lafa. Kamfanin Takeda na Japan ya samar da maganin da ke yin haka, lufurolid, amma da aka fara amfani da shi a Amurka a 1985 allura ce ta kullum. Masanan kamfanin suka yi gauraye mai hawa biyu: ruwan magani a cikin wani ruwa mai halin mai da aka narkar da wata irin roba a ciki, sannan shi kuma a watsa shi cikin ruwa. Da aka busar sai aka samu gari, kowace ƙwaya ƙwallo ce ta robar da jiki ke iya narkarwa, maganin yana kulle a ciki. A 1989 aka amince da allurar wata-wata, daga baya aka yi ta wata uku, har ta wata shida. Ga mutumin birni wannan sauƙi ne kawai. Ga dattijon da zai taso daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta, ya hau babur zuwa bakin titi, ya shiga mota zuwa Kano da ɗan rakiya, ya biya kuɗin mutum biyu zuwa da dawowa, bambancin allurar kullum da ta wata uku shi ne bambancin yin magani da haƙura da shi.

Mu dawo kan hanta. An yi kusan shekara ashirin ana wannan ɗuri na mai ba tare da tabbacin yana ƙara kwana ba, har wasu gwaje-gwajen farko a Turai suka nuna kamar ba ya ƙara komai. Sai a 2002 aka buga sakamako biyu. A Hon Kon, inda aka yi amfani da sisfilatin cikin Lipiodol, kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin suna raye bayan shekara uku, waɗanda ba a yi wa ba kashi 3 kacal. A Basalona ta ƙasar Sifen, bayan shekara biyu, kashi 63 ne a kan kashi 27. Waɗannan alƙaluma su suka sa dabarar ta zama karɓaɓɓiya a duniya.

Akwai wani adadi a binciken Basalona da ya fi tsaya mini a rai. Marasa lafiya 903 aka duba, 112 kawai suka cancanci shiga. Aikin na wanda hantarsa ke da sauran ƙarfi ne, wanda ƙarin bai fantsama ba, bai toshe babbar jijiya ba. Idan ciki ya riga ya cika da ruwa, ido ya yi rawaya, toshe jijiyar hanta sai dai ya gaggauta abin da ake gudu.

Baffana manomi ne, bai kai hamsin ba. Ya fara da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Wasu suka ce sammu. Ya rame, ciki ya kumbura, sannan aka sayar da akuya biyu aka kai shi wani babban asibiti a birni. Likitan ya duba hoton, ya ja babana gefe. Kwana arba'in da 'yan kai ya ƙara. Da na zo ina karanta labarin Kumamoto, tambayar farko da na yi wa kaina ita ce da an same shi a can da ya tsira? Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba: a ranar da aka kai shi, ko a Basalona yake yana cikin ɗari bakwai da wani abun da aka mayar gida.

Kuma cutar nan tamu ce fiye da yadda take ta Turawan da suka gwada maganinta. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka rubuta yadda kansar hanta take yawan kama maza a wannan yanki, da yawansu ba su tsufa ba. Dalilai biyu ne manya. Na farko ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda Baruch Blumberg ya gano alamarta a jini a shekarun 1960. A ƙasashenmu yawanci tun ana jariri ko ƙaramin yaro ake ɗaukarta, ta zauna shiru shekara talatin ko arba'in tana cin hanta.

Na biyun ya dawo da mu kan gyaɗa. A 1960 talo-talo fiye da dubu ɗari suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar abincinsu ne, tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Wata funfuna ce ke fitar da guba a cikinta, aka sa wa gubar suna afilatoksin. Labarin ya girgiza Jihar Arewa, domin tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ce dukiyarta. Masu bincike a Samaru suka shiga gonaki a shekarun 1960, suka nuna cewa gubar ta fi yawa a gyaɗar da kwasfarta ta fashe ko gara ta huda, da wadda aka bari ta wuce lokacin cira, da wadda ba ta bushe da wuri ba. Damuwar hukuma a lokacin ita ce kada Turai ta ƙi sayen kaya. Hantar manomin da ke cin ragowar ba ta shiga lissafin fitar da kaya ba. Daga baya bincike a ƙasar Sin ya nuna cewa idan gubar nan ta haɗu da ƙwayar B a jikin mutum ɗaya, hatsarin kansa yana ninkawa sau da yawa fiye da kowanne shi kaɗai.

Gambiya ta fara yi wa jarirai rigakafin B a wani babban gwaji tun 1986. Nijeriya ta sa shi cikin rigakafin yara a 2004, wato duk wanda aka haifa kafin nan, har da ni da yawancin masu karanta wannan, ya wuce ba a yi masa ba sai in ya nema da kansa. Allurar farko kuma a cikin awa 24 na haihuwa ta fi amfani, alhali mata da yawa a ƙauyukanmu a gida suke haihuwa, jariri ba ya fita sai bayan suna. Ta ɓangaren gona, cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ta fitar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta da guba, a watsa a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure don ta riga mai gubar kama wuri.

Ɗurin man hanta yana buƙatar ɗakin hoto mai nuna jijiya kai tsaye da ƙwararren da zai bi da bututu, kayan da ba na asibitin ƙaramar hukuma ba ne. Gwajin B kuwa ɗigon jini ne a ɗan tsinke, minti ashirin an gama. Bayan rasuwar Baffa mu bakwai muka je aka gwada a gidanmu, biyu suna da ita, yanzu duk wata shida sai an duba musu hanta.

Gubar funfuna ta fi maƙalewa a tunkuza fiye da mai, ke nan ƙuli-ƙuli ya fi ɗaukarta, kuma suya ba ta kashe ta. Inna ta daɗe tana tsince baƙaƙe da yamutsattsun ƙwayoyi a faifai kafin ta soya, don suna sa ɗaci. Da can takan tara su a kwano ta sayar da araha ga wata mai ƙuli a unguwar gaba. Yanzu a wuta take zubawa.